Yadda Gishirin Jiki Ke Jawo Ruwa Ya Zama Yawu A Bakin Mutum Da Dabba

Baligin mutum mai lafiya yana samar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a kowace rana. Tunkiya kan samar da lita 6 zuwa 16. Babbar saniyar madara kuwa tana iya zubo lita 100 zuwa 150, wani lokaci fiye da haka, wato adadin da ya ninka dukkan jinin da ke jikinta sau da dama. Kusan duk wannan ruwa haɗiye shi ake yi, hanji ya tsotse shi, ya koma cikin jini, sannan a sake fito da shi.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ruwan ke barin jini ya shiga baki, domin babu wata gaɓa a jikin dabba da ke da famfon tura ruwa kai tsaye. Amsar da bincike na fiye da shekara 150 ya tabbatar ita ce, maɓuɓɓugar yawu gishiri take turawa, ruwa kuma ya bi bayansa. Fahimtar wannan tsari na da amfani ga likita, da likitan dabbobi, da makiyayi, da mai turken raguna.

Ginin maɓuɓɓugar yawu

Mutum da akasarin dabbobi masu shayarwa suna da manyan maɓuɓɓugai iri uku, kowace iri ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta farko tana gaban kunne, ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku kuma tana ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a leɓe da kumatu da ganɗa.

Idan aka duba maɓuɓɓuga da madubin ƙara girma, siffarta kamar nonon inabi take. A ƙarshen kowane reshe akwai 'yar jaka wadda ƙwayoyin halitta suka kewaye. Daga kowace jaka siririn bututu ya fita, ƙananan bututu su haɗu su zama manya, har su kai ga babban bututun da ke buɗewa cikin baki.

Kowace ƙwayar halitta ta jakar tana da fuska biyu. Fuskar baya tana kallon jijiyoyin jini, fuskar gaba kuma tana kallon ramin jakar. Furotin ɗin da ke dashe a tantanin fuskar baya daban suke da na fuskar gaba, kuma wannan bambanci ne ke sa gishiri ya riƙa tafiya hanya ɗaya tak, daga jini zuwa rami.

Ayon da dokar bin gishiri

Idan gishirin miya ya narke cikin ruwa, yakan rabu gida biyu: sodiyam da kuloraid. Kowanne yana ɗauke da cajin lantarki, sodiyam da caji mai ƙari, kuloraid da caji mai ragi. Irin waɗannan ɓarɓashi masu caji su ake kira ayon. Sauran ayon masu muhimmanci a sha'anin yawu su ne fotasiyam, kalsiyam, bayikabonet da fosfet.

Ayon ba ya iya ratsa tantanin ƙwayar halitta da kansa, saboda tantanin na maiƙo ne. Dole sai ta hanyar furotin na musamman, waɗanda suka kasu kashi uku. Akwai famfo, mai ƙona makamashi don tura ayon zuwa inda ba zai je da kansa ba. Akwai ɗan dako, wanda ke amfani da gangarowar wani ayon don jan wani. Akwai kuma ƙofa, wadda idan ta buɗe ayon ke kwarara daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci.

Shi kuma ruwa yana da ɗabi'a guda: yana barin inda gishiri ya yi ƙaranci ya nufi inda ya taru. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga ruwa ya fito, ya ga wannan doka tana aiki.

Yadda aka gano tsarin

A da an ɗauka yawu ruwan jini ne kawai da ƙarfin bugun zuciya ke tacewa. A shekarar 1851 masanin Jamus Carl Ludwig ya rushe wannan zato. Ya motsa jijiyar saƙo da ke zuwa maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin kare, ya auna ƙarfin turowar yawu a cikin bututu, ya tarar ya zarce ƙarfin turowar jini. Tunda abin da aka tace ba zai fi abin da ya tace shi ƙarfi ba, ya tabbata maɓuɓɓugar da kanta ke yin aiki.

A 1954 masana uku, Thaysen da Thorn da Schwartz, suka auna gishirin yawun mutum a lokacin da yake gudana a hankali da lokacin da yake kwarara. Suka lura cewa sodiyam na ƙaruwa idan gudun yawu ya ƙaru. Daga nan suka gabatar da ra'ayin cewa mataki biyu ake bi: jaka ta samar da ruwa mai gishiri daidai da na jini, sannan bututu ya janye wani ɓangare na gishirin kafin ruwan ya isa baki. A 1966 aka tabbatar da hakan ta hanyar tsotso ɗigon ruwa kai tsaye daga cikin ƙananan bututun ɓera da allurar gilashi mai matuƙar siranta.

Mataki na farko: aikin jaka

Tushen aikin duka shi ne famfon sodiyam da fotasiyam da ke fuskar baya. Masanin ƙasar Denmak Jens Christian Skou ne ya gano shi a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1997. Da kowane ƙwayar makamashi guda da ake kira ATP, famfon yana fitar da sodiyam 3 daga cikin ƙwayar halitta, ya shigo da fotasiyam 2. Sakamakon haka sodiyam ya yi ƙaranci a ciki, ya yi yawa a waje, kamar ruwan da aka tare a bayan madatsa.

Ɗan dakon da ake kira NKCC1, shi ma a fuskar baya, yana cin gajiyar wannan tarewa. Yana barin sodiyam 1 ya gangaro ciki, amma da sharaɗin ya taho da fotasiyam 1 da kuloraid 2. Ta haka kuloraid ke taruwa a cikin ƙwayar halitta har ya ninka abin da zai kai da an bar shi da kansa. Lissafin yana da sauƙi: sodiyam 3 da famfo ya fitar sun isa juyi 3 na ɗan dako, wanda ke shigo da kuloraid 6. Ke nan ATP guda na iya ɗaukar nauyin fitar da kuloraid 6.

Akwai hanya ta biyu ta tara kuloraid. Wani enzayim a cikin ƙwayar yana haɗa iskar kabon da ruwa ya samar da bayikabonet da ayon na tsami. Wani furotin ya fitar da bayikabonet ya karɓi kuloraid a madadinsa, wani kuma ya fitar da ayon na tsamin ya karɓi sodiyam. Ƙarshen musayar biyu shi ne shigar gishiri, kamar dai a hanya ta farko.

Duk wannan shiri ne. Yawu ba ya ɓarkewa sai kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar halitta, ya buɗe ƙofofi iri biyu lokaci guda. A fuskar gaba ƙofar kuloraid mai suna TMEM16A ta buɗe, kuloraid ya kwarara cikin ramin jaka. A fuskar baya ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fita zuwa gefen jini. Fitar fotasiyam na kiyaye cajin ragi a cikin ƙwayar, kuma wannan caji ne ke ci gaba da ingiza kuloraid waje. An san da ƙofar kuloraid tun da daɗewa ta hanyar auna lantarki, amma sai a 2008 ne rukunin masana uku, a Koriya ta Kudu da Italiya da Amurka, suka gano furotin ɗin da ya gina ta.

Taruwar kuloraid na sa ramin jaka ya samu cajin ragi, wanda ke jawo sodiyam daga gefen jini. Shi sodiyam ba ta cikin ƙwayar yake bi ba, ta 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya yake ratsawa. Da gishiri ya taru a rami, sai ruwa ya biyo shi, wani ta tsagogin, mafi yawa kuma ta ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin. Ba'amurke Peter Agre ne ya tabbatar da samuwar waɗannan ƙofofi a 1992, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2003.

An gwada muhimmancin kowane furotin ta hanyar haifar da ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gadonsa. A 1999 aka ga ɓerayen da ba su da akwaforin mai lamba 5 sun rasa fiye da kashi 60 cikin 100 na yawunsu, kuma ɗan abin da ya fito mai kauri ne, mai gishiri. A 2000 aka samu raguwa makamanciyar wannan a ɓerayen da ba su da NKCC1. Rashin tsayawar yawun gaba ɗaya ya nuna hanya ta biyu tana cike wani ɓangare na giɓin.

Inda umarni ke fitowa

Jijiyoyin saƙo ne ke sarrafa maɓuɓɓugar yawu. Ɗanɗano, tauna, ƙamshi, har da abin da dabba ta saba alaƙantawa da abinci, duk suna aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya samu lambar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, da yawun karnuka ya nuna wannan sabo.

Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi iri biyu ke saukowa. Na farko suna sakin sinadarin asetilkolin, wanda ke manne wa makarɓarsa a fuskar baya. Makarɓar ta sa a samar da wani ɗan aike mai suna IP3, shi kuma ya buɗe rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayar. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan ƙofofi sun buɗe, ƙwayar har ta ɗan motse saboda gishiri da ruwan da ta rasa, motsewar kuma ta zaburar da ɗan dako ya ƙara himma. Idan rumbun ya soma ƙarewa, wasu ƙofofi na shigo da kalsiyam daga waje don aikin ya ɗore. A lokaci guda jijiyoyin jinin maɓuɓɓugar na buɗewa, kamar yadda Bafaranshe Claude Bernard ya nuna a 1858, domin ruwan da ake fitarwa daga jini ake samo shi.

Jijiyoyi na biyu suna sakin noradirenalin, wanda aikinsa ya fi karkata ga fitar da furotin, irin su amiles mai narkar da sitaci. Yawun mutum da alade da ɓera na da amiles mai yawa, amma na kare da kyanwa da saniya kusan babu.

Mataki na biyu: aikin bututu

Ruwan da ya fito daga jaka gishirinsa daidai yake da na jini. Yayin da yake wucewa ta bututu, ƙwayoyin bangon bututun suna janye sodiyam ta ƙofar ENaC, su janye kuloraid ta ƙofar CFTR, su zuba ɗan fotasiyam da bayikabonet. Bangon bututu ba ya barin ruwa ya ratsa shi, don haka gishiri ya tafi, ruwa ya tsaya. Shi ya sa yawun mutum ya fi jini lami.

A ruwan jini sodiyam ya kai kimanin milimol 140 a kowace lita, fotasiyam kuma 4 zuwa 5. A yawun mutumin da ke hutawa sodiyam ba ya cika wuce 20, fotasiyam kuwa kan kai kusan 20. Idan yawu na kwarara da sauri, bututu ba ya samun sararin janye gishiri sosai, sai sodiyam ya ƙaru. Wannan ne bayanin abin da aka gani a 1954. Lamin yawu na da fa'ida biyu: jiki na tsimin gishiri, harshe kuma na iya jin ɗanɗanon gishirin abinci, abin da zai yi wuya da yawun kansa na da gishirin jini. Bayikabonet ɗin da ke ƙaruwa lokacin tauna shi ke kashe tsamin da ke cin haƙori, domin ƙyallin haƙori na fara narkewa idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5.

Dabbobi masu tuƙa

Shanu da tumaki da awaki sun bi wani salo daban. Maɓuɓɓugarsu ta gaban kunne ba ta tsayawa dare da rana, sai dai ta ƙara gudu lokacin ci da tuƙa. Yawunta gishirinsa daidai yake da na jini, amma bayikabonet da fosfet ne suka mamaye gurbin kuloraid, har pH ɗinsa ya kai kusan 8.

Dalilin yana cikin tumbi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ciyawa a can suna samar da asid mai yawa, wanda dabbar ke tsotsewa ya zama mata makamashi. Tumbi ba shi da maɓuɓɓugar ruwa tasa, don haka da yawu ya dogara wajen samun ruwa da kashe tsami. Aikin ya yi kama da na kanwa a miyar yakuwa, kuma kanwa ma ɗauke take da sodiyam kabonet da bayikabonet. Saniyar madara na zuba fiye da kilo 1 na sodiyam bayikabonet a tumbinta ta hanyar yawu a kowace rana. Yawun kuma na mayar da fosfet da yuriya daga jini zuwa tumbi, inda ƙananan halittun ke amfani da su wajen gina furotin.

A nan ne darasi yake ga masu turke. Harawa da ciyawa da kara na buƙatar doguwar tauna da tuƙa, don haka suna jawo yawu mai yawa. Hatsi da niƙaƙƙen abinci kuwa nan da nan ake haɗiye su, suna ruɓa da sauri, ga kuma ƙarancin yawu. Ragon da aka ɗura wa masara ko dawa kwatsam, ba tare da sabo ba, tumbinsa na iya yin tsami fiye da kima. pH ɗin tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. Idan ya sauka ƙasa da 5.5 dabba ta daina ci, ta yi zawo, idan abin ya tsananta ta mutu. Riga-kafin shi ne ƙara hatsi sannu a hankali, a kuma riƙa haɗa shi da abinci mai hurhura da zai sa a yi tuƙa.

Tunda ciyawa na da fotasiyam mai yawa da sodiyam kaɗan, dabbar da ke juya wannan yawu haka tana bakin rashin gishiri a kullum. A shekarun 1950 Derek Denton, a birnin Melbon na Ostireliya, ya karkatar da yawun tumaki zuwa waje ta wata kafa a kumatu. Da jikinsu ya rasa sodiyam, sai homon ɗin aldosteron ya umarci bututu ya ƙara janye sodiyam, ya zuba fotasiyam a madadinsa, tumakin kuma suka shiga neman gishiri ido rufe. Likitocin dabbobi na amfani da ma'aunin sodiyam da fotasiyam a yawu wajen gano ƙarancin gishiri a garke. Makiyaya sun daɗe da sanin maganin: suna ba shanu kanwa da gishirin lasa, kuma a ƙarshen damina Fulani da Abzinawa na kai garkensu yankin Ingal a Jamhuriyar Nijar domin ƙasa da ruwa masu gishiri.

Ƙwari da kaska

A jikin ƙwari ma ruwa gishiri yake bi, amma injin ya bambanta. A maɓuɓɓugar wani babban ƙuda mai shuɗin jiki da ake kira Calliphora, sinadarin serotonin ne ke ba da umarni. Famfon da ke jan aikin yana fuskar gaba, kuma ayon na tsami yake turawa, sannan a musanya shi da fotasiyam, don haka yawun farko na fotasiyam kuloraid ne. Da wannan siririyar maɓuɓɓuga Michael Berridge ya yi aiki a Kambirij ta Ingila har ya kai ga gano rawar IP3 a 1983, ɗan aiken da daga baya aka tarar yana aiki a kusan kowace gaɓar jikin mutum. A kyankyaso kuwa, dofamin na jawo yawu mai ruwa zalla, serotonin kuma ya jawo mai furotin.

Kaska ta mayar da yawu wata ƙoda ta biyu. Macen kaska na iya ninka nauyinta kusan sau 100 a cizo guda na kwanaki. Don ta riƙe abinci mai gina jiki ta rage nauyi, tana mayar da mafi yawan ruwa da gishirin jinin da ta sha cikin jikin dabbar ta hanyar yawu. Cikin wannan yawu ne ƙwayoyin cuta ke shiga jinin shanu da tumaki, ciki har da mai tara ruwa a jakar zuciya, wadda kaskar Amblyomma variegatum ke yaɗawa a Afirka ta Yamma.

Magunguna, guba da cututtuka

Kusan kowane mataki na wannan tsari yana da sinadarin da ke tare shi. Wabayin, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Somaliya ta dafin kibiya, yana tsayar da famfon sodiyam. Danginsa ne ake samu a 'ya'yan kwankwani da maharba ke haɗa dafi da su. Atirofin na toshe makarɓar asetilkolin, shi ya sa bushewar baki ke cikin alamun farko na wanda ya sha zaƙami. Magunguna da dama na hawan jini, da na damuwa, da na mura, su ma suna rage yawu.

Magungunan kashe ƙwari irin fiya-fiya suna yin akasin haka. Suna hana jiki rushe asetilkolin, sai ya taru, yawu ya riƙa dalala. Mutum ko dabbar da ta shiga wannan hali bayan feshi ko wankan kaska na buƙatar likita nan take, kuma atirofin ne maganin farko da ake bayarwa.

A cutar da likitan ido na Suwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933, garkuwar jiki ce ke far wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye. Gashin kansa a kai da wuya shi ma yana lalata jakunkuna, ya bar bututu. Mai irin wannan larura na fama da wahalar haɗiya da magana da ruɓewar haƙora. Ana ba shi filokafin, wanda ake samu daga wata bishiyar Barazil, don ya zaburar da jakunkunan da suka rage. A Amurka an gwada dasa ƙwayar gadon akwaforin a cikin bututun da ya tsira domin ya riƙa barin ruwa ya wuce. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna 5 daga cikin marasa lafiya 11 sun samu ƙarin yawu da sauƙin bushewar baki.

Yawu na raguwa ƙwarai lokacin barci da lokacin da jiki ya rasa ruwa, kuma yana dawowa da zarar an sha ruwa an tauna abinci. Bushewar bakin da ta ƙi tafiya tsawon makonni kuwa alama ce da ya kamata a kai wa likita, tare da jerin magungunan da mutum ke sha.